Gwaggo, Konseyen Masu Kifi

Masu kifi ne suka fara zuwa. Tun ba a gama yi wa Gwaggo wanka ba suka cika tsakar gida, zannuwansu na ƙanshin hayaƙin banda, suka zauna a ƙasa. Wata tsohuwa a cikinsu, wadda suka yi shekara da shekaru suna kasa kifi kusa da juna a kasuwa, ta karɓi tulun ruwa daga hannuna ta ce, "Kawo, ɗiyata. Ke je ki zauna ki yi kukanki."

Manya sai ranar sadakar uku suka iso. Motoci suka toshe ƙofar gida har masu amalanke na zagayawa ta bayan masallaci. Ina daga cikin zana ina jin su ɗaya bayan ɗaya. Tsohon magajin garin kominmu, wato ƙaramar hukumarmu, ya yi gyaran murya ya ce an yi rashin uwa, majalisa ba ta taɓa samun mace mai haƙuri da biyayya irin marigayiya ba. Wani ya ƙara da cewa ba a taɓa jin ta da kowa ba. Aka shafa fatiha. Tsohuwar nan ta dube ni, na dube ta. Ta ce a hankali, "Wa suke nufi? Ko wata ta sake rasuwa ba mu ji ba?"

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Mutuwa ta Allah ce, na karɓa. Abin da na ƙi karɓa shi ne a rufe Gwaggo da ƙasa, sannan a zo a sake rufe ta da yabon ƙarya. An ji ta da mutane da yawa, kuma rabin waɗanda suka zauna kan tabarmar ta'aziyyar nan da su aka ji ta.

Gwaggo yayar babana ce. Ita ta ɗauke ni yaye, ban sake komawa ɗakin uwata ba sai da ziyara. Mijinta ya rasu tun tana da sauran ƙuruciya, ta riƙe kanta da ni da sana'ar kifi. Takan sari ɗanye wurin masunta a bakin tabkin Madarumfa, ta kawo gida ta yi banda, ranar kasuwar garinmu ta kai. Da kuɗin kifin nan na yi lakwal, wato makarantar boko, har na zama malama. Doguwa ce, muryarta kamar ta namiji, kuma in ka ga ta sauke mayafi daga kafaɗa ta ɗaure shi a ƙugu, to magana ta zo. Tana da wata tambaya da ba ta rabo da ita. Ko a gidan biki aka ajiye mata kwano, kafin ta sa hannu sai ta ce, "Wa ya biya?" Mutane na dariya, amma ita da gaske take. Ba ta son cin abin da ba ta san daga aljihun wa ya fito ba.

Babana kuwa mai kamyo ne, babbar motar kaya, yana ɗaukar wake da gyaɗa ya tsallaka da su iyaka, ya dawo da kayan masarufi. Yana da ƙarfi a jam'iyya, kuma shi kansa konseye ne, wato ɗan majalisar komin. Da zaɓe ya matso aka ce dole a sa mata cikin jerin 'yan takara, sai ya tuna yana da yaya wadda duk kasuwa ta san ta. Ina nan zaune ya zo ya same ta tana juya kifi a kan waya.

Ya ce, "Yaya, ba wani aiki ba ne. Sunanki kawai muke so. Ki je ki zauna, in kin ga na ɗaga hannu ki ɗaga naki."

Ba ta ko dube shi ba ta ce, "In hannuna kake so, yanke shi ka tafi da shi. In ni kake so, da bakina zan zo."

Ya yi dariya ya ce ya ji. Bai ji ba.

Zaman kasafin kuɗi ana yin sa ne a ƙarshen shekara, bayan an gama ɗaure hatsi, a babban zauren meri, ma'aikatar magajin gari. A zamanta na farko bayan an zaɓe ta, sakatare ya miƙe ya kama karatu da Faransanci, shafi bayan shafi, yawancin konseyoyin ƙauye na gyangyaɗi suna jiran a ce a ɗaga hannu. Gwaggo ta bari ya yi nisa sannan ta ce, "Ɗan nan, kuɗin da kake karantawa da Hausa aka karɓe su. Maido mana su da Hausa." Aka yi gunaguni, aka ce lokaci zai tafi. Ta ce ita ta rufe sana'arta ta zo, ba ta gaggawa. Dole aka fassara, a gurguje, ana hararar ta. Daga ranar kuma duk takardar da aka ba ta sai ta kawo mini gida, in karanta mata tana tsayar da ni tana tambaya, har sai abin ya zauna mata.

Na taɓa jin ta tana yi wa matan kasuwa bayani, kuma ban taɓa jin wani ɗan boko ya yi shi a taƙaice haka ba. Ta ce kuɗin meri ba daga sama suke faɗowa ba. Akwai lanho, harajin nan da masu gari ke tarawa gida gida. Akwai tiken kasuwa da ake yanka mana, da na tashar mota, da na kara inda ake sayar da bisashe, da na masu shaguna. Akwai abin da gwamnati ke aikowa, in ta aiko. Sai masu proje, ƙungiyoyin tallafi, waɗanda ba su gina komai sai komin ta fara ajiye nata kason. Fitar kuɗin kuma hanya biyu ce: na tafiyar da meri, su albashi da man mota da kuɗin zama da tarbar baƙi, sai na aiki, su rijiya da aji da rumfa. Ana ƙiyasta abin da zai shigo, a raba shi a takarda, a ɗaga hannu, a kai wa perefe, wakilin gwamnati, ya sa hannu. "Shi ke nan," in ji ta. "Sauran duk Faransanci ne."

Abin da ta shiga majalisa dominsa ɗaya ne. Masu kifi a kasuwarmu ba su da rumfa. Can ƙarshen kasuwa aka tura su, bakin kwata, saboda ƙarni. Da rani rana ta dafa su ta dafa kifin, da damina su tsuguna cikin laka da leda a ka. Amma duk ranar kasuwa mai tike na isowa gare su kafin su yi cinikin fari. Gwaggo ta nace, ta bi konseyoyi har gidajensu, sai da aka rubuta rumfar masu kifi cikin kasafin shekarar. Ba zan manta da ranar ba. Ta dawo gida ta sa na karanta mata layin sau da yawa, ta dafa shinkafa ta kira matan, har guɗa aka yi. Ita a saninta, abin da manya suka rubuta suka sa wa hannu ya zama.

Shekara ta ƙare ko bulo ɗaya ba a aje ba. A zama na gaba ma'aji ya yi bayani cikin ladabi: damina ba ta yi kyau ba, lanho bai shigo yadda aka zata ba, tallafin gwamnati ya yi jinkiri.

Gwaggo ta ce, "Man motar magajin gari fa, shi ma ya yi jinkiri?"

Ya ce a'a, wannan dole ne.

"Kuɗin zamanmu?"

"An biya, Hajiya. Ke ma kin karɓa."

"Na karɓa. To wannan naman da lemon da ke gabanmu, wa ya biya?"

Aka fashe da dariya, har da magajin gari. Ba wanda ya ji kunya. Aka sake rubuta rumfar cikin kasafin sabuwar shekara, aka ɗaga hannu, aka ci nama. Ita ba ta ci ba. A nan ta gane yadda abin yake, kuma a nan ni ma na gane: ana kumbura ƙiyasin abin da zai shigo don kowane ƙauye ya ga sunansa a takarda ya yi shiru, alhali an san kuɗin ba za su kai ba. Ɗan abin da ya shigo kuma meri ke fara cin nata, aiki ya jira saura, sauran kuwa ba ya zuwa. Haka rumfar nan ta riƙa tashi daga kasafi zuwa kasafi, kowace shekara a rubuce, kowace shekara matan na rana.

Kada wani ya ɗauka Gwaggo ta zuga mutane su ƙi biya. Ko kusa. Matan sun taɓa haɗa baki za su kori mai tike, wani magidanci mai ɗingishi da ke zagaya kasuwa da jakarsa a wuya. Suka yi masa ca, wata har ta watsa masa ruwan wankin kifi. Gwaggo ta shiga tsakani ta ce, "Wannan bawan Allah aiko shi aka yi, abin da ake ba shi bai kai cinikinku na safe ba. Ku biya. Wadda ba ta biya ba ba ta da bakin tambaya." Ta fara miƙa nata, ta cire mayafinta ta ba shi ya goge fuska. Da matarsa ta haihu, Gwaggo ce ta riƙa aika mata da kifi har ta gama wanka. Shi ne ya haƙa kabarin Gwaggo, ya hana samari karɓar masa.

Tana da nata laifin, ba zan ɓoye ba. Fushinta na riga bincikenta wani lokaci. Ta taɓa kiran sakatare ɓarawo a gaban jama'a kan wasu kujerun aji, daga baya ta tabbata an saya, suna can lakwal ɗin wani ƙauye. Washegari ta tafi har ofishinsa, ta tsaya a ƙofa inda kowa zai ji, ta ce, "A gaban mutane na zage ka, a gaban mutane na zo in ce na yi ƙarya. Ka yafe mini." Ya yafe. Cikin duk ma'aikatan ofishin meri shi kaɗai ya zo jana'iza, a ƙafa.

Sai shekarar da aka rufe iyaka. Kamyoyi suka tsaya, tasha ta mutu, kuɗin meri suka ja baya sosai. A daidai lokacin ne kuma wasu masu proje suka zo suka duba kasuwa, suka ce za su gina rumfar masu kifi har da makewayi, in dai komin ta ajiye nata ɗan kason a cikin kasafi. Gwaggo ta ce wannan karo kam Allah ya kawo. Babana ne ke shugabantar kwamitin kuɗi na majalisa a lokacin, shi da mutanensa ke shirya takarda kafin a kawo ta zaure. Ta same shi ta ce, "Ka ga dai abin ya zo hannunka." Ya ce ta kwantar da hankalinta.

Na je zaman nan da kaina, don doka ta ce kowa na iya shiga ya saurara, ko da yake ba a cika gaya wa mutane haka ba. Na zauna a baya. Aka karanta abin da kwamitin babana ya shirya. Tiken masu kasa kaya a ƙasa, wanda yake dala goma, an mai da shi dala ashirin, don a cike giɓi. Masu manyan motoci da manyan shaguna an ɗaga musu ƙafa sai an buɗe iyaka, saboda halin da suke ciki. Gyaran motar magajin gari na nan. Tarbar baƙi na nan. Kason rumfa babu, ko a rubuce ma wannan karo.

Gwaggo ta miƙe ta ɗaure mayafi. Babana ya riga ta magana, murya ƙasa ƙasa, ya ce, "Yaya, zauna. Maganar gida ce, ma yi ta a gida."

Ta ce, "A gida kai ƙanena ne, ni na goya ka, in ka yi laifi in rufa maka asiri. Nan kuwa mai kamyo ne kai, ka zauna ka yafe wa kanka haraji, ka ɗora shi kan matar da jarinta duka bai cika kwando ba. Iyaka ta rufe muku, mu ta buɗe mana? Wa ke sayen kifi yanzu? Ku rage naman da kuke ci a zauren nan na shekara ɗaya, kason rumfa ya fito. Na sa an lissafa mini."

Magajin gari ya ce Hajiya ta yi haƙuri, tarbar baƙi mutuncin komin ne, baɗi in Allah ya kai mu za a duba. Ta ce masu proje ba za su jira baɗi ba. Ya ce a ɗaga hannu. Na ga hannuwa sun tashi, na babana a gaba. Da aka ce waɗanda ba su yarda ba, sai hannun Gwaggo da na wani dattijon konseye daga ƙauyen da ke bakin daji, wanda rijiyarsu ita ma ta daɗe tana yawo a takarda. Aka wuce zuwa batu na gaba.

Masu proje suka kai rumfarsu wata komin. Na taɓa wucewa ta kasuwar, na gan ta, da kwano da siminti da famfo a gefe. Ban gaya wa Gwaggo ba.

Da la'asar ranar zaman babana ya shigo gidanmu ko sallama bai gama ba. Ya ce ta tozarta shi a gaban abokan siyasarsa, shi da ya ɗauko ta daga bakin murhu ya sa ta a kujera. Ta ce murhun nan shi ya ciyar da shi lokacin da ubansu ya rasu, kuma kujerar ba ta gidansu ba ce. Ya ce za ta gani. Da zaɓe ya zagayo, sunanta bai fito cikin jeri ba. An sa matar wani ɗan kasuwa, wadda har wa'adinta ya ƙare ba a san kalar muryarta ba.

Shekaru suka yi tsakaninsu sai gaisuwa, ita ma a tsaye. Amma duk Salla sai ta zaɓi manyan kifi ta ƙulle ta ba ni ta ce, "Kai wa ubanki. Kada ki ce komai." Shi ma yakan karɓa. Zaman kasafi kuwa ba ta fasa zuwa ba. Tun da ba ta da kujera, sai ta shimfiɗa buhu a bakin ƙofar zaure ta saurara, ranar kasuwa ta gaya wa matan abin da aka rubuta da sunansu. Aka sa mata suna mahaukaciyar meri. Waɗanda suka sa mata sunan na cikin masu cewa mai haƙuri da biyayya.

Da ƙafafunta suka kumbura ta daina fita. Mun kai ta asibiti a Maradi, aka ce zuciya ce, muka dawo da magani. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci babana ya zo. Shi ma ya tsufa, ya sayar da kamyon, siyasa ta yar da shi kamar yadda take yar da kowa. Ya zauna a bakin tabarmarta ya daɗe yana kallon ƙasa. Na tashi zan ba su wuri, ta ce in zauna.

Ya ce, "Yaya, ki yafe mini."

Ta ce, "Wanne?"

"Duka. Da cire sunanki, da maganganun da na gaya miki."

"Wannan nawa ne, na yafe tun da daɗewa. Ba don haka ba da ba ka ci kifina ba." Ta huta kaɗan, numfashi na yi mata wuya. "Amma na rumfa da na tike ba nawa ba ne. Ba ni da ikon yafe abin da ba nawa ba. Masu shi na nan bakin kwata, ka san wurin."

Ta miƙa hannu ta dafa kansa, da hula da komai, kamar yadda ake yi wa yaro. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ta cika, kanta a kan cinyata.

A wurin sadakar uku, kafin manya su tashi, tsohon magajin gari ya yi alkawari a gaban jama'a cewa duk ranar da aka gina rumfar masu kifi zai sa baki a sa mata sunan marigayiya. Aka ce madalla. Ni dai da ba mace ba ce a bayan zana, da na fito na tambaye shi wace rumfa, kuma da wane kuɗi, kuma ina bakin nasa yake lokacin da hannunta ke sama ita da dattijo ɗaya. Gwaggo ba ta nemi a rubuta sunanta a jikin bango ba. Inuwa ta nema wa matan da suke biyan kuɗinsu duk mako, kuma ta mutu ba su samu ba. Allah Ya jiƙanta, Ya ba ta inuwar da ba a ɗage ta zuwa baɗi, Ya kuma tambayi kowa abin da aka damƙa masa.

Ranar kasuwar da ta biyo bayan sadakar bakwai na je in kwashe kwandunanta da ta bari wurin maƙwabtanta. Ina cikin haɗa su sai na hangi babana tafe, da farar riga da sanda, yana ratsa 'yan tumatir. Bai taɓa taka ƙarshen kasuwar nan ba a sanina. Ya tsaya a gaban matan, ya yi sallama, suka amsa suna kallon juna. Ya cire hula. Ya ce shi ne ya shirya takardar da ta ninka musu tike, shi ne kuma ya cire kason rumfa, yayarsa ta ce ba ita ke da hakkin ba, shi ya sa ya zo.

Ƙudaje na tashi suna sauka. Can tsohuwar nan, aminiyar Gwaggo, ta jawo buhun da Gwaggo ke zama a kai, ta kakkaɓe shi, ta shimfiɗa a gefenta.

Ta ce, "Alhaji, ba mu ce ba mu yafe ba. Amma ba yanzu ba. Zauna nan tukuna, sai kasuwa ta tashi."

Ya dubi buhun, ya dubi sama. Rana ta take tsaka, ko gajimare babu. Ya tattara rigarsa ya zauna. Da ya ɗauki hula zai mayar, ta ce, "A'a, bar ta a hannu. Mu ma ba mu da ita."

Na ɗauki kwanduna na tafi. Da na waiwayo daga wajen 'yan gishiri, yana nan zaune tsakaninsu, gumi na bin wuyansa, mai tike na ɗingisowa ta kan layin.